Yaran Sha Biyu ga Mayu

Litinin, 24 ga Yuni 2024

An gama sadakar arba'in, baƙi sun watse, tabarmin aro ma an mayar wa masu su. Na ce wa Inna jibi zan koma Yamai, makaranta ba za ta jira ni ba. Ta ci gaba da tsince wake.

Da hantsi Madam Ruƙayya ta aiko a kira ni. Ita ce ungozomar ƙaramin gidan haihuwar da ƙungiyar matan unguwarmu ta gina a bakin gari, inda Yaya Alu ya yi musu manhajar rubuta jarirai. Wai abin ya lalace, kuma ni ce kaɗai aka sani a kusa mai karatun ordinatar, wato kwamfuta. Shekara biyu kawai na yi, rabin abin da na sani ma shi ya koya mini yana yi mini dariya. Na ce gobe.

Ba na son shiga ɗakin nan. Na rubuta a nan don kada in yi wa kaina ƙarya.

Talata, 25 ga Yuni

Na je. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi, ɗan ƙuntatacce kusa da ɗakin haihuwa. Ordinatar a kan tebur, batir biyu a ƙasa, waya ta haura zuwa faifan hasken rana da ke kan rufi. Kujerarsa ta roba mai tsagaggen hannu. Ban zauna a kanta ba, na jawo benci.

Yadda abin ke aiki: in an haihu, Madam ta shigar da sunan uwa da ƙauyensu da lambar wayar mijin. Inji ya fitar da 'yar takarda mai ranar haihuwa, a liƙa a karnen yaro, katin asibitinsa. Daga wannan ranar manhaja ke lissafin lokacin allurar rigakafi, in ya yi ta aika saƙo a waya a kawo yaron.

Madam ta baje mini takardun a kan tebur. Ta ce, “Duba, ɗiyata. Wanga shekaranjiya anka haihe shi, da hannuna na amshe shi. Karanta mini abin da inji yac ce.”

12 ga Mayu 2024, ƙarfe 4:17 na yamma.

Na ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Duk jaririn da aka haifa a gidan nan tun daga ranar, wannan rana da wannan minti aka rubuta masa. Lahadin da Yaya ya rasu ke nan.

Na tambaya yadda aka yi. Madam ta faɗa mini abin da ba ta faɗa ba a zaman makoki. Ranar ita ta roƙe shi ya rage mata aiki. Jariri ba shi da suna sai ran bakwai, sunan uwa kawai take bugawa da yatsa ɗaya, amma kwanan wata yana ɓata mata lokaci ga mai jego tana zubar da jini. Ya ce zai sa inji ya riƙa cike gurbin da kansa, ya kuma cire shi daga allon gaba ɗaya don kada ya dame ta. Yana cikin yi motar azahar ta tashi ta bar shi. Ya shiga ta ƙarshe, wadda ta yi karo da babbar motar shanu kusa da Baleyara.

“Ni na tsai da shi,” in ji ta. Na ce mata kwana ne ya ƙare. Haka ake cewa, kuma na faɗa da kyau, har ta gyaɗa kai.

Alhamis, 27 ga Yuni

Ban tafi Yamai ba.

Ina ganin na gane matsalar, kuma ba wani aljani a ciki. Yaya ya sa manhajar ta duba agogo sau ɗaya, lokacin da aka tashe ta, ta riƙe abin da ta gani. Tun ranar ba wanda ya kashe injin. Kashewa da kunnawa kawai zai sa ta sake duba agogo, daga nan in bi a hankali in gyara.

Na ɗora yatsana a kan maɓallin. Akwai ɗumi. Sai na tuna hannun ƙarshe da ya kunna shi. Na ce bari in fara kwafe bayanan tukuna, don tsaro. Na kwafe. Sai na ce la'asar ta yi.

Na ce wa Madam ta riƙa soke ranar da biro tana rubuta ta gaskiya a kan takardar, kafin in gama.

Jumma'a, 28 ga Yuni

Wata Bafillatana, A'isa, ta zo daga rugarsu ta bayan dutse, a ƙasa, da jariri a goye. Ta haihu a nan kwana biyu bayan Sallar Layya, ko wankan jego ba ta raba ba. Saƙo ne ya shiga wayar mijinta wai ɗansu ya kai sati shida, a kawo shi allura. Wani ya karanta musu, suka ɗauka hukuma ce ke kira.

Madam ta duba yaron ta ce bai isa ba, ta koma sai an sake kiranta. A'isa ba ta yi faɗa ba. Ta sha ruwa, ta gyara goyo, ta kalli ɗakin injin ta ce, “Shi bai san kwana ba?” Ƙafafunta sun yi futu-futu.

Na ji kunya sosai. Gobe zan kashe shi.

Litinin, 1 ga Yuli

Ban kashe ba. Na yi wani shirme dai.

Na ce bari in gwada da sunan ƙarya in ga ko har yanzu haka yake. Maimakon in ƙirƙiro suna, sai na buga sunan Inna a gurbin uwa. Takarda ta fito da ɗuminta: Inna ta haihu ranar 12 ga Mayu, ƙarfe 4:17.

Na san dalili. Na san shi kamar yadda na san sunana. Duk da haka na duba bayana. Ba kowa, sai kujerar. Na goge gwajin daga inji, takardar kuma na yayyage ta na zuba a masai.

Laraba, 3 ga Yuli

Kailu mai gadi ya ce kullum bayan la'asar fankar injin tana ƙara gudu. Na ce masa zafi ne. Yau na zauna na saurara, kuma tana ƙarawa. Zafi ne.

Asabar, 6 ga Yuli

Magana ta fita gari. Ban san wa ya fara ba, amma matan da ke zuwa awo yanzu sai sun leƙa ɗakin, wasu har da sallama. Wata tsohuwa ta ce yaron kirki ne, shi ya sa bai bar aikinsa ba. Jiya an yi suna a bayan kasuwa, aka sa wa jaririn Alu, don takardarsa ta zo da ranar. Wannan na biyu ke nan in ji Madam. Mutanenmu in suka sami abin mamaki ba sa barinsa ya huce.

Abin da ya fi damuna Inna. Yau da la'asar ta sa mayafi ta biyo ni. Inna da ba ta taɓa taka gidan nan ba, ta ce haihuwarta shida duk a ɗaki ta yi. Ta zauna a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ko yana raye ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Ta ce, “An ce wanki na rubutu nan.”

Na ce ba rubutu yake ba, Inna, kuskure ne na inji.

Ta ce, “Gwada mini.”

Na nuna mata takarda ɗaya. Ba ta iya boko ba. Ta bi lambobin da yatsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ta ƙulle takardar a bakin zane. Ban hana ta ba, kuma ya kamata in hana.

Laraba, 10 ga Yuli

Hadari ya taso daga gabas tun azahar, gari ya yi ja sannan ya yi baƙi. Iska ta ɗaga faifan hasken rana ta tsinke wayar, ruwa ya biyo ta rufi ya jiƙa kan batir. Ina zaune a ɗakin allon ya mutu. Fanka ta yi shiru. Ban taɓa jin shirun ɗakin nan ba sai yau.

Gaskiya sauƙi na ji. Na ce shi ke nan, Allah ya yi mini abin da na kasa. Na yi kuka kaɗan, ruwa na dukan kwano ba mai ji.

Da aka ɗauke, Kailu ya hau rufi ya ɗaure wayar, muka shanya batir, muka kunna. Manhaja ta tashi lafiya. Akwai wata da ta haihu ana tsakiyar ruwan, Madam ta shigo da hannunta a jiƙe ta buga sunan. Na tsaya a kanta ina jiran in ga 10 ga Yuli.

12 ga Mayu, 4:17.

Madam ta ja da baya har ta take mini ƙafa. Kailu yana bakin ƙofa da igiya a hannu, ya ce, “Na hwaɗa muku shina nan.” An kashe injin, ya yi sanyi, na taɓa shi da hannuna. Babu inda zai riƙe wannan lokacin. Na fito waje na tsaya cikin taɓo, kuma ban yarda na juya wa ƙofar baya ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na samo shi. Ni ce ban iya ba.

Da Rails, wani kayan aikin masu rubuta manhaja, ya gina ta. A can in za ka ƙara gurbi a jadawalin rumbun bayanai, kana rubuta ɗan umurni da ake kira migrasiyon, ka tura shi sau ɗaya, ya canza ginin rumbun. Na buɗe na ƙarshe da ya rubuta. Ya ce in an bar gurbin haihuwa babu komai, a sa Time.now, wato lokacin yanzu. To amma yanzun da aka ɗauka shi ne na daidai lokacin da ya tura umurnin. Rails ya duba agogo a wannan mintin, ya ɗauki lambar, ya kafe ta a jikin gurbin. Ba a ƙwaƙwalwar inji take ba balle kashewa ya share ta, a cikin ginin rumbun take, kamar sawun hannu a danyen siminti. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya bar wa rumbun ya duba nasa agogon duk lokacin da aka shigar da sabon jariri.

Shi da kansa ya gargaɗe ni a kan wannan kuskuren bara, har ya ce irin na masu gaggawa ne kamar ni. Sauri yake yi, mota yake so ya kama.

Ya bar ɗan bayani a saman umurnin, kamar yadda ya saba: “Madam ta hana ni tafiya. In mota ta tashi ita za ta goya ni har Yamai.”

Na yi dariya. Daga nan ban san lokacin da na koma kan kujerarsa ba.

Wato 4:17 shi ne mintin da ya danna maɓalli na ƙarshe a duniya. Ba wanda ya san lokacin da motar ta yi karo, jandarmomi ma cewa suka yi wajen magariba. Wannan ne kaɗai lokacinsa da muke da shi daidai. Kuma ba hadari ko yankewar wuta da za su ɗauke shi. Sai wani ya zauna da gangan ya rubuta a kansa.

Jumma'a, 12 ga Yuli

Na rubuta gyaran. Layi uku ne. A canza abin da gurbin ke cikewa da kansa ya koma CURRENT_TIMESTAMP, agogon rumbun na kowane lokaci. Na gwada a kan kwafin da ke ordinatata, ya yi daidai. Saura in tura a kan na gaske.

Na yi wauta na faɗa wa Inna muna cin tuwo. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da misalin siminti. Ta saurara har na gama. Ta ce, “To in kin gyara, ina za shi?”

Na ce ba ya ciki, Inna.

“Na sani. Ni na ga anka ɗauke shi.” Sannan ta ce, “Ki bar shi hal kaka. Mi za shi ci miki?”

Ba ta taɓa roƙona komai ba a rayuwata, umurni take bayarwa. Na ce to. Na gaya wa kaina ai Madam tana gyarawa da biro, ba wanda zai cutu.

Laraba, 17 ga Yuli

Inna tana zuwa kullum yanzu. In an haihu Madam ta buga takarda biyu, ɗaya ta mai jego ɗaya tata. Ta fara cin abinci sosai, har ta yi wa maƙwabciya tsiya a kan kajinta.

Ni ma na lura ina shiga ɗakin kafin ƙarfe huɗu in zauna. Ba abin da nake yi. Ina jira mintin ya zo ya wuce, kuma duk ranar sai in ji kamar an tsaya a bayana ana karanta allon ta kan kafaɗata, yadda yake yi in yana neman kuskurena. Ba na juyawa. Ba tsoro ba ne kawai, ina jin daɗin abin, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Makaranta sun kira, na ce Inna ba ta da lafiya.

Litinin, 22 ga Yuli

Biro yana gyara takarda, ba ya gyara saƙon waya. Na san haka. Ban bari na yi tunaninsa ba ne.

Jiya manhaja ta lissafa sati goma daga 12 ga Mayu, ta aika wa kowa a kawo yara allura ta biyu. Tun safe tsakar gidan ya cika, mata da jarirai, wasu ko cibiya ba ta gama warkewa ba, an bar noma a tsakiyar damina an zo. Madam tana ta duba karne tana sallamar mutane, muryarta har ta dushe. Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

A'isa ta sake zuwa, wannan karon da mijinta Hamani, dogo mai sanda a kafaɗa. Yaron saura kusan sati ɗaya ya isa allurar farko. Madam ta ce su yi haƙuri su dawo Talata ta sama. Hamani bai ɗaga murya ba. Ya ce sau biyu ke nan ana tashin matarsa daga nesa a kan ƙarya, ya bar shanu da ƙaninsa kusa da gonakin mutane, in suka yi ɓarna wa zai tsaya masa. Ya ce ya ji labari a kasuwa, an rubuta wa ɗansa ranar mutuwar wani. Ya zare takardar daga karnen, ya ajiye a kan benci, ya ce, “Ku riƙe ranarku. Ɗana yana da tashi ranar.”

A'isa ta waiwayo sau ɗaya da suka kai bakin ƙofa. Ni ta kalla.

Jumma'a, 26 ga Yuli

Mai kawo nono ta ce tarin shiƙa ya shiga rugar bayan dutse, yara biyu suna yi har su shiɗe. Allurar da ɗan A'isa zai karɓa Talata tana da maganin wannan a ciki.

Madam ta same ni a ɗakin ta rufe ƙofa. Ta ce, “Sa'adiyya, ni ma ina son ganin ranag ga. Kullum in na gan ta sai in ce bai tahi ba tukuna, shina nan zamne, mota ba ta tashi ba. Amma ni ungozoma ce. Ko ki gyara, ko in sa Kailu shi cire wayar in koma rubutu da hannu.”

Na ce Inna fa.

Ta ce, “Innarki ta haihi shida. Ta san mi a jariri.”

Asabar, 27 ga Yuli

Na faɗa wa Inna da safe tana dama fura. Ban yi misali ba wannan karon. Na ce akwai yaro a ruga da bai sami allura ba saboda mu, kuma yau zan gyara. Ludayin ya tsaya. Ta ce kwana nawa gare shi. Na ce bai kai arba'in da biyu ba. Ta ci gaba da damu.

Na je da hantsi, da gangan, ba na son la'asar ta same ni a can. Na buɗe layukan uku. Sau biyu na buga umurnin ba daidai ba. Na ji shi a bayana sosai yau. Na ce a fili, “Yaya, kai ka ce kuskuren masu gaggawa ne.” Na danna.

Ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauka ba. Rubutu ya gudu a allon, ya tsaya. Fanka ta ci gaba da juyawa kamar ba a yi komai ba. Na juya, bango ne da kalandar kamfanin magani.

Na yi gwaji da sunan ƙarya na gaske wannan karon. 27 ga Yuli, 10:52. Na kifa kaina a kan teburin na daɗe.

Bayanin da ya bari game da Madam da goyo ban taɓa shi ba. Ba ya cutar da kowa.

Inna ba ta zo da la'asar ba.

Talata, 30 ga Yuli

Sabbin jarirai sun sami lafiya, amma na baya duk suna nan da ranarsa, sai an bi su ɗaya-ɗaya. Waɗanda Madam ta gyara da biro da sauƙi. Na farkon, kafin a lura, sai da muka bi gida-gida. Ba mai ce maka ga kwanan wata. Wata ta ce daren da aka yi ruwan shuka. Wata ta ce kasuwar Baleyara biyu kafin Layya, ranar da mijinta ya kai rago bai sayar ba. Wata kakar ta rantse ranar da jakin Kailu ya ɓace ne, sai da muka koma muka tambayi Kailu, shi kuma ya ce ai jakin sau biyu ya ɓace. Na yi dariya har Madam ta harare ni.

Duk wanda na gyara, 12 ga Mayu ɗaya ta ragu a allon. Na ƙarshe ɗan A'isa ne. Na sa masa 18 ga Yuni. Ina ajiyewa manhaja ta lissafa, ta ga yau ne sati shidansa, ta aika saƙo wayar Hamani. Saƙon gaskiya na farko da ta taɓa aika masa.

Bai shiga ba. Babu rezo, wato sabis, a inda yake, ko wayar a kashe.

Laraba, 31 ga Yuli

Mun ɗauki akwatin sanyi ni da Madam, muka hau amalanken Kailu zuwa bayan dutse. Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore.

Ba kowa a rugar. Da'irar bukkoki a ƙasa inda ciyawa ba ta fito ba, turakun maruƙa, toka a murhu ruwa ya daddanne ta. Kashin shanu bai gama bushewa ba. Ƙudaje kawai. Wani manomi da ke noma kusa ya ce sun tashi Lahadi da asuba, sun yi arewa, ba za su sauko ba sai an girbe. Madam ta tambaye shi jaririn fa, yana tari? Ya ce shi dai ya ji tari da suna wucewa, bai san na wane ba.

Lahadi. Na gyara Asabar. Da na tura layukan nan ranar da na rubuta su, da ba a kira su tafiyar banza ta biyu ba, da Hamani bai yi fushi ba, da jiya sun zo ko sun jira mu. Ban sani ba ko da sun jira. Amma na san kwana goma sha biyar layukan suka yi a ordinatata.

Madam ta kira wata abokiyar aikinta da ke can arewa ta ba ta sunan uwa da uba, ko za su bi ta wajensu. Muka dawo da allurar a cikin akwati. Ruwan ƙanƙarar yana ta ɗiga a ƙafata.

Lahadi, 11 ga Agusta

Har yanzu saƙon bai shiga ba. Na sa manhajar ta riƙa sake aikawa kowace safiya, kuma abin da nake fara dubawa ke nan in na shiga. Na rubuta wa makaranta zan dawo bayan girbi. Ba don komai ba, akwai gyare-gyare da yawa a manhajar, Yaya ya bar aiki barkatai.

Yau haihuwa mai wuya aka yi, yarinya ƙarama, cikin fari. Mai taimaka wa Madam ba ta zo ba, ni na riƙa ɗora ruwa ina miƙa tsumma, ni da ko yankan kaza ba na iya kallo. Tun azahar ake abu ɗaya. Da jaririyar ta fito ba ta yi kuka ba, Madam ta yi ta murza mata baya, ni kuma ina ta salati ban san ina yi ba. Sai ta tsanyara. Madam ta ce in je in shigar, hannunta ba dama. Na buga sunan uwar a tsaye, na yago takardar na kai.

Sai a hanyar gida na ga motocin kasuwar Baleyara suna shigowa, na tuna yau Lahadi. La'asar ta zo ta wuce ina can ina wanke roba. Ba mantawa na yi ba, aiki ne ya yi yawa.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Tun ranar da na gyara ba ta tambaye ni komai game da gidan haihuwa ba. Yau ta ga jini a bakin zanena, ta ce an sauka? Na ce an sauka, mace.

Ta ce, “Ƙarhe nawa inji yac ce?”

Na ce biyar da minti shida.

Ta ɗan tsaya da rariyar a hannu. Ta ce, “To. Ita ma ta samu nata.” Sannan ta ce in je in canza zane kafin in taɓa mata kwano.